Sawun Ƙanin Kakana a Takardun Jirgin Ruwa

A gidanmu abin da ake faɗa game da ƙanin kakana bai wuce guda ba: ya tafi Ikko, wato Legas, daga can ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, shiru har yau. Wannan ɗan zancen na riƙe na shiga nema.

Hukumar Birtaniya ta tilasta wa jiragen da suka taso daga wajen Turai su miƙa sunayen fasinjojinsu in sun iso. Takardun daga 1878 zuwa 1960 suna gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kew a Landan, ƙarƙashin lamba BT 26, kuma ana duba hotunansu a shafin intanet na Ancestry. Masu tasowa daga Legas a shekarun 1950 galibi jiragen kamfanin Elder Dempster suke shiga, wato Accra da Apapa, sai Aureol da ta fara aiki a 1951. Tafiyar kusan mako biyu ce, a tsaya Takoradi da Freetown kafin a kai Liverpool.

Wahalar tana wajen suna. Mutanenmu ba su da sunan dangi tsayayye, wani a rubuta shi da sunan uba, wani da sunan gari, kuma akawun jirgi yadda kunnensa ya ji haka yake rubutawa. Muhammadu ɗaya sai ya zama Momodu ko Mamudu. Neman suna kai tsaye bai kai ni ko'ina ba, sai da na koma wurin goggona. Ta ce, “Ɗan nan, ai da damina ya tafi, kafin zuwan Sarauniya.” Sarauniya Elizabeth ta zo Najeriya a 1956, don haka na bi jiragen shekarun da suka gabata shafi bayan shafi. Na same shi da sunan garinmu, shekarunsa sun yi daidai, sana'a an sa tela.

Abin da ya fi mini amfani shi ne gurbin adireshin da fasinja zai sauka, don da shi na san unguwar da zan nemi rajistar aure da ta mutuwa. Gurbin da ke tambayar ƙasar da mutum zai zauna nan gaba shi ya sosa mini rai. Najeriya ya ce. Ashe da niyyar dawowa ya fita.

Wanda nasa ya tafi a matsayin ma'aikacin jirgi, kada ya ɓata lokaci a nan, rajistarsu daban take, kuma mafi yawanta tana Jami'ar Memorial ta Newfoundland a Kanada.