Gidajen Darcy Biyu: Daga Lyme Zuwa Chatsworth

Jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Piccadilly ta Manchester zuwa Buxton ba ya nisa sai gine-ginen jan bulo su ƙare, tuddai masu ciyawa da tumaki su karɓe hanya. A Disley muka sauka, ni da 'yar ƙanena da ke karatu a birnin. Ita ta tsara tafiyar, ni kuwa sharaɗina ɗaya ne, sai mun ga gidajen Darcy duka biyu. Mu manya wasan talabijin na BBC na 1995 muka sani, mai kashi shida, wanda Colin Firth da Jennifer Ehle suka fito a ciki. Yaran yanzu ba su san wani Darcy ba sai Matthew Macfadyen na fim ɗin 2005, shi da Keira Knightley. Duka biyun daga littafin Jane Austen aka ciro su, Pride and Prejudice, labarin soyayyar attajiri Darcy da budurwa Elizabeth Bennet, wanda ya fito a 1813, kuma kowanne ya nemi gidan da zai tsaya a matsayin Pemberley, gidan gadon Darcy. Na farko ya ɗauki Lyme, na biyu ya ɗauki Chatsworth.

Daga ƙofar shiga Lyme zuwa gidan kansa tafiya ce ta gaske, hawa ne a hankali cikin iska mai ratsa ƙashi. Can bisa tudu akwai wata hasumiyar dutse da ake kira Cage, a gefe kuma bareyi na kiwo ba su ko ɗaga kai su dube mu ba. Iyalan Legh ne suka riƙe wurin ɗaruruwan shekaru, sai a 1946 suka miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da tsofaffin gidaje da filaye a Ingila. Sai ka zagaya ta baya kafin ka ga fuskar da aka sani a talabijin: dogayen ginshiƙai, da tafki a gaba wanda hoton gidan ke kwance a cikinsa.

Kowa a bakin tafkin nan maganar riga yake yi. A kashi na huɗu na wasan, Darcy ya dawo gida a gajiye, ya faɗa ruwa da tufafinsa, ya fito sharkaf da farar riga, sai ga Elizabeth a gabansa. Wannan wanka babu shi a littafin, marubucin wasan Andrew Davies ne ya ƙirƙiro shi. Amma ya shiga ran mutanen ƙasar har a 2013 aka ƙera wani ƙaton mutum-mutumin Darcy aka tsayar da shi cikin tafkin Hyde Park a Landan, a 2024 kuma aka yi gwanjon rigar kanta a kan fam 25,000. Na ce wa yarinyar, kuɗin riga ɗaya ya ninka abin da Darcy na littafi ke samu a shekara sau biyu da rabi. Ta ce, "Gwaggo, fam ɗin 1813 ai ba fam ɗin yau ba ne." Gaskiyarta. Kuma wanda ya shiga cikin Lyme yana neman ɗakunan da ya gani a wasan zai sha wahalar banza, don a Sudbury Hall aka ɗauki na ciki. Pemberley na talabijin haɗe-haɗe ne, fuska daga nan, ciki daga can.

A Buxton muka kwana, da safe muka hau bas zuwa Bakewell, ƙaramin gari a bakin kogin Wye da ya shahara da wata gasasshiyar alawa mai almon, wadda na ɗanɗana na ga zaƙinta ya fi ƙarfina. Daga nan da ƙafa muka ƙetara tudu zuwa ƙauyen Edensor. Ƙauyen tsaf-tsaf yake, kowane gida da irin gininsa, amma labarinsa ya tsaya mini a rai. A shekarun 1830 Duke na shida na Devonshire, basaraken da ke da gidan Chatsworth a lokacin, ya sa aka tashi tsohon ƙauyen aka sake gina shi a bayan tudu, inda ba za a hango shi daga babban gida ba. Mutum ya mayar da gari guda gefe don ya gyara abin da idonsa ke gani daga taga. Wanda bai ga irin wannan iko ba ba zai gane girman kan Darcy ba, balle ya gane nauyin abin da Elizabeth ta yi da ta ce ba ta aurensa.

Muna gangarowa sai ga Chatsworth a hayin kogin Derwent, rana na dukan firam ɗin tagoginsa masu ruwan zinariya. Lyme gidan attajiri ne, wannan kuwa fada ce, kuma har yau iyalan Cavendish na cikinsa. A nan nake da ƙorafi da fim ɗin 2005. Darcy na littafi mai fam 10,000 ne a shekara, babban mai ƙasa ne amma ba shi da sarauta, kuma Austen da kanta ta ambaci Chatsworth daban a cikin wuraren kallo na yankin Derbyshire. Ɗora Darcy a wannan fada ya yi masa yawa. Sai dai da na shiga zauren gumakan marmara, na tsaya gaban macen nan mai lulluɓi da Raffaelle Monti ya sassaƙa, lulluɓin dutse ne amma sai ka rantse iska za ta ɗaga shi, na fahimci abin da ya ja darakta Joe Wright. A littafi zanen Darcy Elizabeth ta tsaya tana kallo a bango, shi kuwa ya sauya shi da sassaƙen kai, wanda har yanzu yana gidan, 'yan mata na layin ɗaukar hoto da shi.

Abin dariya, abin da muka biya kuɗi muka yi shi ne ainihin abin da Elizabeth ta yi. Ita ma 'yar yawon buɗe ido ce ranar da ta shiga Pemberley tare da kawunta da matarsa, uwargidan masu aiki tana zagayawa da su ɗaki-ɗaki tana yabon maigidanta. Daga baya da yayarta Jane ta tambaye ta yaushe son ya fara, cikin zolaya ta ce tun ranar da ta ga filayen gidansa. Masu kallo kan ɗauki maganar wasa ce kawai. Ni da na tsaya a wurin, ban yarda wasa ce zalla ba.

A kan benci kusa da babban maɓuɓɓugar ruwan da Joseph Paxton ya gina a 1844 don tarbar sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya, wanda bai ma zo ba, muka buɗe guzurinmu muka shiga lissafi. Bennet, mahaifin Elizabeth, na da 'ya'ya mata biyar, babu namiji. Gidansa na Longbourn na kawo fam 2,000 a shekara, amma an ɗaure shi da sharaɗin gado cewa namiji kaɗai zai gaje shi. Ranar da ya mutu, wani ɗan uwansa na nesa, Collins, limamin coci, zai karɓi makulli, matar da 'ya'yan su kwashe kayansu. Abin da Elizabeth za ta samu bai wuce fam 1,000 ba, shi ma sai bayan ran uwarta, kuma abin da zai riƙa kawo mata fam 40 ne a shekara. Na ce wa yarinyar, da a rabon gado na Musulunci ne, 'yan matan nan biyar na da sulusi biyu na dukiyar, uwarsu na da sumuni, Collins sai dai ya jira abin da ya saura. Ta ce to a takarda ke nan, Gwaggo, ai kin san gidajen da 'yan uwa maza ke danne gonar marayu mata su ce ana juya musu. Ban musa ba.

Wannan lissafi ya sa nake ganin an zalunci uwar 'yan matan a mafi yawan fina-finan. A wasan 1995 Alison Steadman ta fito da ita mai kaɗe-kaɗen baki da kururuwa, abin dariyar unguwa. Ta iya wasan, amma mace ce da ta san in mijinta ya faɗi yau gobe ba ta da wurin kwana, shi kuwa maigidan ya kulle kansa a ɗakin karatu yana yi mata ba'a. Duk wadda ta taɓa zama a tsakar gida ta ji ana ƙirga shekarun budurwa ana tambayar wa ke zuwa wurinta zance, ta san wannan uwa. A nan fim ɗin 2005 ya fi adalci. Brenda Blethyn ta nuna tsoron da ke ƙarƙashin surutun, kuma Longbourn nasu gidan gona ne mai taɓo da kaji da alade na ratsa ƙofa, ka ga iyalin da rufin asirinsu ke rataye da ran mutum ɗaya. Shi kuwa na BBC, da yake yana da kusan awa shida, ya ba Charlotte Lucas fili, budurwar da ta kai 27 ta auri Collins ido buɗe, ba don so ba, don ta samu ɗakin kanta. Na Hollywood na 1940, mai Greer Garson da Laurence Olivier, bai damu da duk wannan ba, har ya mayar da muguwar 'yar uwar mahaifiyar Darcy mai taimakon aure. Na salon Indiya na 2004, Bride and Prejudice, wanda Aishwarya Rai ta fito a ciki a garin Amritsar, ya sha waƙa da rawa, amma bai sha wahalar bayyana damuwar uwa mai 'yan mata a gida ba, don masu kallonsa sun riga sun san ta.

Mun so mu ƙarasa Stanage Edge, gaɓar dutsen da ke saman Hathersage inda Knightley ta tsaya iska na kaɗa rigarta, sai hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Muka hau bas ɗin Sheffield takalmanmu cike da laka, tagogi sun yi raɓa ba a ganin komai. A hanya yarinyar ta nuna mini a wayarta sanarwar sabon wasan da Netflix ta shirya, shi ma kashi shida, Emma Corrin a matsayin Elizabeth, Jack Lowden a matsayin Darcy. Ita tana ta duba fuskar sabon Darcy tana taɓe baki. Ni sunan da na nema shi ne na wadda aka ba uwar, na ga Olivia Colman ce.