Abin da na koya a kicin ɗin abincin Meziko kafin in ajiye aiki

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya. Mazauna Houston daga cikinku sun san gidan abincin da nake nufi, ba sai na kama suna ba, da yawanku ma ni na kai ku can. Tun da labari ya fita ake tare ni bayan sallar Juma'a ana tambaya, wani ya ce kora ta aka yi, wani ya ce faɗa na yi da shef har da cin kwala. Gara in rubuta sau ɗaya, kowa ya ji daga bakina.

Ranar da mai gidan ya ɗauke ni mun yi magana a fili. Na ce masa ba na taɓa alade, ba na taɓa giya. Ya ce ba damuwa, ɓangarena shi ne tortiya (wani faifan burodi marar kauri na masara ko fulawa) da salsa (miyar barkono) da shinkafa da wake. Wake kuwa tukunya biyu ake yi kullum: ɗaya da kitsen alade kamar yadda aka saba a Teksas, ɗaya da man kanti zalla, kowace da ludayinta. A jikin menu an sa hoton koren ganye kusa da duk abin da babu nama ko kitsen dabba a ciki. Wannan ganyen shi ne alkawarin da ke tsakaninmu da masu cin abinci.

A ƙarƙashin wata dattijuwa 'yar jihar Oaxaca na koyi aikin. Ina kiranta Mama, tana kirana ɗanta. Ba ta yarda da garin kanti ba, tsabar masara take so. Da yamma za mu zuba ta a tukunya da ruwa da wani farin gari da suke kira cal, wanda ake samu daga ƙonannen dutsen farar ƙasa, kamar giram 10 ga kilo ɗaya na masara. A bar ta ta ɗan tafasa har ɓawon ya fara saɓulewa in ka murza da yatsa, a kashe wuta, ta kwana a ruwan. Da asuba a wanke, a markaɗa. Ƙullin da ke fitowa yana da danƙo da ƙamshin da garin masara na banza ba zai taɓa ba ka ba, ko me ka yi masa. Tun dubban shekaru mutanen yankinsu suke haka, inda babu cal da tokar murhu ake yi. Sai daga baya masana suka gano cewa wannan dahuwar ce ke sa jiki ya iya cin moriyar sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin masara. Turawa sun ɗauki masara zuwa ƙasashensu suka baro dabarar, shi ya sa cutar felagra, mai tsattsaga fata da kawo gudawa da ruɗewar hankali, ta addabi talakawan arewacin Italiya, ta kuma kashe dubban mutane a kudancin Amurka a farkon ƙarni na 20. Mama ba ta san sunan wani sinadari ba. Abin da ta sani, tortiyar da ba ta kumbura a kan kasko bayan juyi na biyu ba, ko ƙulli ya bushe, ko niƙa bai yi laushi ba, ko wuta ta yi kaɗan, kuma ba za ta bari ta fita daga kicin ba.

Ita ce ta cire mini kokwanto game da tukunyar man kanti. Na taɓa tambayarta ko waken da ba kitsen alade har yanzu sunansa abincin Meziko. Ta ce, “Ɗana, kakanninmu sun ci wake da masara da barkono da kabewa kafin su taɓa ganin alade da ido.” Haka abin yake. Mutanen Sifaniya ne suka kawo alade da shanu da alkama, su da suka ci birnin Tenochtitlan da yaƙi a 1521. Waken tukunya da ganyen epazote ya girmi kitsen alade nesa ba kusa ba. Da wannan tabbacin na fara gayyatar jama'armu. Aka fara zuwa: Hausawa, 'yan Somaliya, 'yan Pakistan, har da wasu Indiyawa da ba sa cin nama kwata-kwata. Mutum zai leƙo ta tagar kicin ya ce, “Malam, wanne za mu ci?” in nuna masa, ya zauna da iyalinsa hankali kwance.

Sai aka kawo sabon shef.

Ba zan ce bai iya aiki ba. Ya iya lissafi, ya san farashin kowane kwali da ke cikin firji. Abu na farko da ya yi, ya dakatar da jiƙa masara ya koma garin masara na kanti mai suna Maseca. Na ji zafi saboda Mama, amma ban ɗaga murya ba. Garin shi ma da cal aka sarrafa shi a kamfani, miliyoyin gidaje a Meziko da shi suke tortiya, kuma kicin nasa ne. Abu na biyu shi ne ya raba mu. Ana saura kwanaki bikin 5 ga Mayu, wanda kun san yadda gidajen abinci ke cika a ranar (tunawa ce da nasarar da sojojin Meziko suka yi a kan na Faransa a Puebla a 1862, kuma a Amurka an fi yin hidimarsa fiye da can gida), sai ya ce tukunya biyu ɓata lokaci ne da wurin murhu. Ya mayar da dafa wake wajen masu aikin dare, lokacin ba na nan. Ya kuma daina sa mu yi tortiyar fulawa da hannu, ya koma sayo ta kwali-kwali.

Mama ce ta ja ni gefe wata safiya, ta ɗebo wake a cokali daga bokitin da aka manna wa koren sitika ta kai mini hanci. Duk wanda ya daɗe a irin wannan kicin ya san warin kitsen alade idan ya huce. Na je na juya kwalin tortiyar, ga kitsen alade a rubuce cikin jerin kayan haɗi. Menu kuwa yana nan da ganyensa.

Na same shi a ofis, ni da shi kawai, na yi masa magana cikin ladabi. Na ce, “Shef, mutanen nan a kan maganata suke ci. Ko a dawo da tukunya ta biyu, ni zan zo da wuri in dafa ba tare da an ƙara mini ko sisi ba, ko a cire ganyen daga menu.” Amsar da ya ba ni har yau tana ci mini rai. Ya ce alade ba ya cikin abubuwa 9 da dokar Amurka ta lissafa a matsayin manyan masu tayar da borin jini, babu wanda za a kwasa zuwa asibiti, saboda haka babu matsala. Na san jerin da yake nufi: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande, 'ya'yan itatuwa irin su yazawa, gyaɗa, alkama, waken suya, da riɗi da aka ƙara a 2023. Shi ne mutumin da zai tsayar da kicin gaba ɗaya idan cokalin miyar mole, mai gyaɗa da riɗi, ya taɓa farantin wani, don yana tsoron lauya. Amanar mutumin da ba zai kai shi kotu ba kuwa, ko a jikinsa.

Masu sabis sun sani, sun yi shiru, kuma ban riƙe su a zuciya ba. Mai sabis a Teksas doka ta yarda a biya shi dala 2.13 a awa, sauran sai tukuicin kwastoma, kuma manaja ne ke yanke wa zai yi aikin daren Asabar, wa za a bar wa ranar Talata da rana. Mai 'ya'ya ba ya wasa da wannan.

A makon ne wani dattijo daga masallacinmu ya zo da matarsa da jikoki. Ya leƙo kamar kullum. Na cire safar hannu na fita har teburinsa na durƙusa na ce, “Baba, yau kada ku ci wake, kada ku ci tortiyar fulawa. Ku ci ta masara da kifi, ni zan gasa a kasko daban.” Ya dube ni ya ce, “Tun yaushe, ɗana?” Na faɗa masa iyakar abin da na sani. Bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, ya sa mini albarka. Shef yana tsaye bakin ƙofa yana kallo.

Washegari na tarar da takardar gargaɗi: wai na bar wurin aikina ba izini, na kuma ɓata sunan gida a gaban kwastoma. Sabon jadawali ya fito an zaftare mini kusan rabin awannina, sauran kuma an tura ni wankin kwanoni, inda duk tiren da aka gasa alade sai ya bi ta hannuna. Ya san sharaɗin da aka ɗauke ni a kai, da gangan ya yi. Yaron da ni na koya wa riƙe wuƙa, shi aka ɗora a kan ɓangarena. Mama ita ma aka rage mata kwanaki, aka sayar da injin markaɗen. Na je wa mai gida, mutumin da muka yi alkawari da shi baki da baki. Ya saurare ni da kyau, ya ce ya fahimta, ya ce kuɗin kayan abinci ya sauka tun zuwan shef, in ƙara haƙuri. Shirunsa ya fi takardar shef yi mini ciwo.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na nemi izinin liman na miƙe na sanar da jama'a. Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba, domin fuskokin da ke kallona duk na san abin da kowa ke oda. Amma ni na kai su, bai kamata su ji a bakin wani ba.

Ga masu zuwa cin abincin Meziko a ko'ina, kada ku tsaya ga tambayar “akwai alade a ciki?” Mai sabis zai duba ya ga babu tsokar nama ya ce babu, kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa. Ku tambayi da wane mai aka soya. Kalmar da za ku nema ita ce manteca, wato kitsen alade. Ana sa ta a soyayyen wake, da tortiyar fulawa, da ƙullin tamal (wanda ake naɗewa a ganye a turara kamar alala), kuma sau da yawa da ita ake fara soya mole. Waken charro da naman alade ake dafa shi, na borracho har da giya. Jar shinkafa galibi da romon kaza ake yinta. Tako (tortiya ce da ake naɗe nama a ciki) nau'in al pastor, duk da ya samo asali daga shawarmar da 'yan Labanan suka kai Puebla, naman alade ne. Tortiyar masara zalla ba a sa mata kitse, sai dai a tambayi kaskon da aka ɗumama ta. Idan an yi jinkirin amsa, ku ce a kira wanda ya dafa.

Sauran darussan ƙanana ne. Duk sharaɗin da kuka yi da mai gida a rubuta shi a sa hannu. Ka riƙa ɗaukar hoton jadawalinka kowane mako. Busasshen barkono daƙiƙu kaɗan yake so a kan kasko, da ya yi baƙi miyar ta yi ɗaci, zubarwa kawai. Gishiri da lemon tsami a ƙarshe ake daidaita su, da harshe.

Yanzu a gida nake girkin, kuma ya fi wanda muke sayarwa. Ranar Asabar nakan jiƙa masara, Lahadi yara su taya ni danna tortiya. Ina dafa baƙin wake da albasa da ganyen fiya yadda Mama ta nuna mini. Birria, wani irin farfesu, asalinta a jihar Jalisco da naman akuya ake yi, to ga mahautanmu na halal, ga barkonon guajillo da ancho a kowane shagon 'yan Meziko. Ancho ɗin nan poblano ne da aka busar, chipotle kuma jalapeño ne da aka shanya a hayaƙi, ku riƙe sunayen yadda suke don haka za ku gan su a leda. Inda girki ya nemi habanero, attaruhunmu ɗan'uwansa ne na jini. Uwargida ta yi dariya ranar da na kawo mata ruwan jamaica ta kurɓa ta ga zoɓo ne, na tamarindo kuma tsamiya.

Mama tana aiki a wani ƙaramin wuri yanzu, sun bar ta ta jiƙa masararta. Ni ina tattaunawa da wasu 'yan'uwa biyu a kan motar sayar da tako na halal, in Allah ya yarda, kuma ita za ta duba mana ƙulli. A ranar da na miƙa makullin akwatina na fito, na ɗauki menu a kan teburin bakin ƙofa na duba. Ba a cire ganyen daga gefen wake ba, kuma wanda ya je makon jiya ya ce mini har yanzu ba a sake bugawa ba.