Ɗan sanda, ka san shekara nawa aka rubuta maka?

Ƙannena da kuka shiga aikin ɗan sanda a Amurka, da ku masu shirin shiga, akwai takardar da hukumar fanshonku ke aiko muku duk shekara, kuma na san yawancinku ba ku buɗe ta. Ni ma ban riƙa buɗewa ba lokacin ina da ƙuruciya. A cikinta akwai lamba guda da ya kamata kowa ya haddace: yawan shekarun aikin da hukumar ta yarda ta ƙirga maka. Sau da yawa lambar nan ba ta kai shekarun da mutum ya yi sanye da kaki ba, kuma ranar ritaya da ita za a yi lissafi.

Lissafin ba shi da wuya. Ana ɗaukar shekarun da aka ƙirga maka, a ninka da wani kaso da doka ta ƙayyade, a sake ninkawa da matsakaicin albashinka na shekarun da ka fi samu. Mu ɗauki misali: shekara 25, kashi 2.5 cikin ɗari a kan kowace shekara, albashi dala 80,000. Fanshonka dala 50,000 ke nan a shekara. Wato kowace shekara guda da ke kan takardar nan tana ba ka dala 2,000 duk shekara har ƙarshen rai. Idan huɗu suka zube, dala 8,000 sun tafi a kowace shekara. Ga shi 'yan sanda da yawa a ƙasar nan ba sa cikin tsarin Social Security, wato fanshon tsufa na gwamnatin tarayya, ta hanyar wannan aikin, don haka fanshon ne kaɗai madogararsu.

Babban kuskurena na yi shi ne lokacin da na bar rundunar da na fara aiki da ita zuwa wata. Aka ba ni zaɓi biyu: in bar kuɗin da aka riƙa cirewa daga albashina a cikin asusun, ko in karɓe su. Na ga kuɗi a dunƙule, ga bashi a wuyana, ga iyali, na sa hannu na karɓa. Irin shuka na ci. Duk wanda ya kwashe kuɗinsa, shekarun da suka zo da su ma an goge, haka nan haƙƙinsa a kan abin da ma'aikata ta zuba dominsa, wanda galibi ya fi nasa yawa. Kuɗin ma ba su iso hannuna cikakku ba, domin ana riƙe kashi 20 cikin ɗari na haraji tun daga tushe, sannan mai ƙananan shekaru ana ƙara masa tarar kashi 10 idan lokacin biyan haraji ya zo.

Hukumomi da yawa suna barin mutum ya mayar da kuɗin ya fanshi shekarunsa, amma tare da kuɗin ruwan duk tsawon lokacin da suka yi a waje. Da na tashi mayarwa, abin ya kumbura har na kasa biyansa lokaci ɗaya, sai a hankali aka yi ta yanka daga albashina a daidai lokacin da yara suka fi buƙatar kuɗin. Da na yi tambaya kafin in sa hannu, da na ji cewa a wasu jihohi hukumomin fansho suna da yarjejeniya tsakaninsu, ka bar kuɗinka a ta farko, a haɗa maka shekarun wajen tantance cancantar ritaya. A Kalifoniya sharaɗin shi ne ka fara sabon aikin cikin wata 6 da barin tsohon. Wata shidan nan ba wasa ba ne: tun daga 1 ga Janairun 2013 jihar ta sauya doka, sabon ɗan sanda iyakarsa kashi 2.7 cikin ɗari a kan kowace shekarar aiki idan ya yi ritaya yana da shekara 57, alhali da yawa daga na gabansa kashi 3 suke samu tun suna da 50. Wanda ya yi dogon hutu sannan ya koma wata ma'aikata dabam, a matsayin sabon shiga za a iya ɗaukarsa.

Kuskure na biyu jinkiri ne, kuma shi ya fi yi mini ciwo domin babu abin da ya tilasta mini. Na yi soja kafin in zama ɗan sanda, kuma tun farko na ji ana cewa ana iya sayen shekarun soja a ƙara su cikin na fansho. Kullum sai in ce bari albashi ya ɗan ƙaru. Ashe ƙaruwar albashin ce take tsadar da su, domin hukumomi da yawa da albashinka na ranar da ka nema da kuma shekarunka na haihuwa suke yanka farashi. Kurtu mai shekara 26 da saje mai 45, shekara iri ɗaya za su saya, amma kuɗin da za a ce su biya sun yi nisa da juna ƙwarai. Wasu hukumomin ma suna rufe ƙofar bayan wani wa'adi. Ka nemi a rubuto maka farashi tun a shekararka ta farko. Neman ba ya ɗora maka dole.

Masu aiki da gwamnatin tarayya nasu ya fi sauƙi, kashi 3 cikin ɗari ne na tsurar albashin da suka karɓa a soja, kuma akwai rangwamen shekara biyu kafin kuɗin ruwa su fara hawa. Sai dai a kula da wani abu da ke ruɗin mutane: jami'in tsaro na tarayya yana iya ritaya yana da shekara 50 idan ya yi 20 a aikin, ko a kowane shekaru idan ya yi 25, amma shekarun sojan da ya saya ba sa shiga cikin waɗannan. Suna ƙara masa kuɗi, ba sa matso masa da rana. A jihohi ma ka tambayi wannan a fili: shekarun da zan saya, adadin fansho kawai za su ƙara, ko har ranar tafiyata za su kusanto?

Idan kuma kana cikin aikin aka kira ka soja, dokar USERRA ta 1994 ta ce idan ka dawo ba za a ɗauki tafiyar a matsayin yankewar aiki ba. Abin da ke kanka shi ne ka cike kuɗin fanshon da ba a cire daga albashinka ba lokacin tafiyar, kuma wa'adin biya ninki uku ne na tsawon tafiyar, amma ba ya wuce shekara 5.

Ina za a samo kuɗin saye? Tun 2002 doka ta yarda ma'aikacin gwamnati ya tura kuɗi kai tsaye daga asusun ajiyarsa na ritaya, wanda ake kira 457(b), zuwa hukumar fansho don sayen shekaru, ba tare da an cire haraji a lokacin ba. Na daɗe ina da irin wannan asusu ban san haka ba. Kada kuma ka zaci damar da ke akwai yau za ta jira ka. Kalifoniya ta taɓa barin ma'aikata su sayi har shekara 5 da ba su yi aikinsu ba sam, dokar 2013 ta soke wannan, a 2019 kuma kotun ƙolin jihar ta tabbatar da sokewar.

Sauran abin duba ƙanana ne, amma suna taruwa. Watannin horo a makarantar 'yan sanda, an ƙirga su ko ba a ƙirga ba? Hutun da ka ɗauka babu albashi, na haihuwa ko na jinyar iyaye, yakan bar rami a takarda, kuma wani lokaci ana iya cike shi. A wasu wurare ranakun rashin lafiya da ba ka taɓa ba ana mayar da su ƙarin lokacin aiki ranar ritaya. Idan ka ga lambar ba ta yi daidai ba, ka rubuta wa hukumar fansho da kanta, kada ka tsaya ga maganar abokin sintiri ko ta ofishin albashi, ka kuma adana amsar tare da takardar sallamarka ta soja, wadda ake kira DD-214, domin ita za su fara tambayarka.