Saƙon Godiya: An Cire Wa Auta Ƙarfen Haƙori Bayan Wata 26

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi. Ranar Talatar da ta wuce aka cire wa Autata ƙarfen da ke bakinta, bayan wata 26 cif. Da likita ta miƙa mata madubi, ko kallonsa ba ta fara yi ba, sai shafa haƙora take da harshe tana cewa, "Umma, santsi!" Ni kuwa ina gefe ina share hawaye da bakin mayafi, har ma'aikaciyar jinya ta ce, "Hajiya, yau ai ranar dariya ce."

Waɗanda suka san mu sun san inda muka fito. Tun da yarinyar nan ta gama famfara haƙoranta suka fito zaƙo-zaƙo. Na gaba biyu na sama sun turo har leɓe ba ya rufuwa, fiƙa kuma ta rasa wurin zama ta haye can saman dasashi. Wani ɓangaren gado ne, don haka bakin dangin babanta yake, wani kuma tsotson yatsa ne da ta yi har ta kai shekara 8, muna ta shafa mata shuwaka tana lashewa. A makaranta suka laƙaba mata Zomo. Tun daga aji huɗu na firamare ba ni da hotonta ko ɗaya da take murmushi, in dariya ta kama ta sai ta ja hijabi ta toshe baki.

Bayan Allah, wadda zan fara gode wa ita ce malamarsu ta Islamiyya. Ita ta lura Auta ta daina ɗaga murya wajen hadda, ta tako har gida ta ce min, "Maman Auta, wannan abin fa ana gyara shi." Wallahi ni a lokacin ban san ana yi ba sai a talabijin. Kafin nan har wani mai shago ya taɓa ce mana mu kawo ta ya cire biyun nan ya dasa na roba. Allah ya tsare, ba mu koma ba. Likitan haƙori na nan garinmu Haɗeja shi ya duba ta ya ce wannan aikin ƙwararru ne na daidaita haƙora, ya rubuta mana takarda zuwa Kano. Malama, likita, Allah ya saka muku da alheri.

Ita kuwa likitar da ta yi aikin, ban san da wane baki zan gode mata ba. Ranar farko ta ɗauki hoton ƙashin baki, ta auna, sannan ta ce sai an cire haƙora 4, waɗanda ke bin bayan fiƙa, biyu sama biyu ƙasa, don sauran su sami wurin komawa. Baban Auta ya miƙe tsaye: "Lafiyayyun haƙora, likita?" Ba ta yi fushi ba. Ta ɗauko takarda ta zana mana. Ta ce haƙori ba kafe yake kamar ƙusa a katako ba. In an manna ƙananan ƙarafan nan a kan kowane haƙori aka zura waya, wayar tana ta ƙoƙarin komawa siffarta ta asali, sai ta riƙa jan haƙorin a hankali. Ƙashin da ke gefen da ake dannawa yana narkewa, wani sabo yana tohowa a baya. A wata guda abin da haƙori zai matsa bai wuce kamar milimita 1 ba, kuma in aka matsa masa da ƙarfi don sauri, saiwarsa ce za ta cutu. Sau nawa na ce mata, "Likita, ba za a ƙara ɗaure wayar ba mu huta?" Amsarta kullum ɗaya: "Hajiya, ƙashi ba ya jin roƙo."

Ta kuma gaya mana abin da nake so iyaye su ji: da mun kawo ta tana shekara 7 an duba, da wataƙila aikin bai kai haka ba. Mu sai da ta kai 12.

Akwai godiyar da ta zama dole ga Malam, limamin unguwarmu. Hajiya, kakar Auta ta wajen uba, ta kafe kan cewa wannan canza halittar Allah ne, kuma ba za a yi shi da jikarta ba. Kusan wata biyu gidan ba daɗi. Malam ya zo ya zauna da ita, ya bayyana mata cewa abin da hadisi ya hana shi ne feƙe haƙora a buɗa tsakaninsu don neman ado, amma gyaran aibin da ke cutar da mutum magani ne. Ya kawo mata labarin sahabin nan Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Hajiya ta yi shiru, can ta ce to, amma da sharaɗi: kada a taɓa wushiryar jikarta. Ita Auta ba ta ma da wushirya, amma muka ce mun ji.

Kuma wannan Hajiyar ce daga baya ta fi kowa hidima. Duk ranar da aka canja waya, kwana biyu zuwa uku Auta ba ta iya tauna komai, sai Hajiya ta dama kunun gyaɗa ta aiko, ko faten dankali. Babbar Sallar farko, yara na ta gaigayar soyayyen nama, Auta ta shige ɗaki tana kuka. Hajiya da hannunta ta daka mata dambun nama, ta ce wannan na mai ƙarfe ne, kowa ya kau da ido. Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ki yafe min maganganun da na yi a lokacin.

Dokar abincin nan ba ƙarama ba ce ga 'yar Bahaushe. Ba rake, ba kilishi, ba aya, ba goruba, ba ƙuli-ƙuli, ba gasasshiyar masara, ba cingam. Sau biyu ƙarfe ya ɓalle, duka biyun kuma aya ce, ko da yake har yau ba ta amsa laifin ba. Ga wankin baki bayan kowane abinci, da ɗan siririn buroshin nan da ake zurawa ƙarƙashin waya, don in datti ya zauna, ana cire ƙarfe sai a tarar da fararen tabo. Yayyenta da suka haƙura da shan rake a gabanta, na gode muku.

Duk mako 6 muna kan hanyar Kano. Yayana da matarsa sun mai da ɗakin baƙinsu namu, ba su taɓa nuna gajiya ba. Direban da ke ajiye mana kujerar gaba a tashar 'Yan Kaba in za mu dawo, don ya san Auta bakinta na ciwo, shi ma Allah ya tsare masa hanya. Matan adashinmu sun bar min kwasar farko har sau biyu ba tare da na roƙa ba. Kuɗin aikin nan ba kaɗan ba ne, kashi-kashi muka biya, kuma Baban Auta, wanda ya fi kowa ƙorafi, shi ne ya sayar da ragunansa biyu bai gaya wa kowa ba. Na sani, Alhaji. Na gode.

Masu tambayata ko babba zai iya: ƙanwata mai 'ya'ya uku, shekararta 34, ganin Auta ya sa ita ma aka sa mata, yanzu wata na 7 ke nan. Likita ta ce muddin dasashi da ƙashi lafiya suke, shekaru ba sa hanawa, sai dai na babba ya kan fi ɗaukar lokaci. Amma don Allah 'yan mata, wannan na gayun da ake manna muku a shagon kwalliya, ku rabu da shi. Waya ba ta san wasa ake ba, ja za ta yi, ta kai haƙori inda ba a aike shi ba.

Auta, ke ma na gode. Kin sha ciwo, kin sha tsokana, wasu har "mai bakin keke" suka koma ce miki, amma ba ki taɓa cewa a cire ba.

Da sauran aiki, don an ba ta wani abu mai kama da farar leda da za ta riƙa sawa, yanzu dare da rana, daga baya da dare kawai, saboda haƙori ya kan so komawa inda ya fito. A taya mu da addu'a kada ta yar da shi. Wanda na manta ban ambata ba, ya yi min afuwa.

Bandar kifin da na yi wa likita alkawari tana nan tafe ranar komawa. Ita kuwa Auta, muna sauka a tasha ta hango mai rake, ta dube ni. Na ce sai mun tambayi likita.