"Oga, a matse min mai": aikin kafireta a garejinmu na Agege

Garejina yana Agege, ba nisa da layin dogo, kuma kusan duk baburan da ake turo mana tsofaffi ne: Boxer ta 'yan acaɓa, Jincheng wadda ta ga jiya ta ga yau, sai jefi-jefi Honda CG125 ta wani dattijo da ya ƙi rabuwa da ita. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, sannan ta ƙara da su Mushin da Oshodi a watan Satumba, 'yan uwanmu da yawa suka dawo gefen gari. Ba mai son zuba kuɗi a sabon babur alhali ana iya kamawa a murƙushe shi. Sai lallaɓa tsoho, mu kuma aikinmu ke nan.

Duk abin da ya sami babur, kafireta, wato abin da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, ake ɗora wa laifi. Ya ƙi tashi da safe, kafireta. Yana shaƙewa a hawan gada, kafireta. Ni kuwa dokar da na kafa wa yarana masu koyon aiki ita ce, ba a sa sukudireba a jikinta sai an gama da maƙwabtanta. A fara cire tiyon mai a ga ko fetur yana sauka sosai daga tanki. A cire filogi a duba wuta. A buɗe soson iska, wanda a babur ɗin haya sau da yawa za ka tarar ya zama laka. A taka kik a ji ko injin yana da matsi, a duba tazarar bawul. Sai robar nan da ke haɗa kafireta da inji: idan ta tsufa ta tsage, iska na satar hanya ta shiga, silo, wato gudun inji idan babur yana tsaye, ya riƙa hawa da sauka da kansa, kuma ko kwana za ka yi kana juya sukuru ba zai daidaita ba. Baburan da muke sallama ba tare da mun kwance kafireta ba suna da yawa.

A nan Legas akwai kuma ruwa. Iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce, tanki yana yin raɓa a ciki, ga damina da ambaliya, ga man kwalba na bakin titi wanda Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka ƙasan kofin kafireta yake kwanciya, daidai inda jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi, yake zuƙa. Sukuru ɗaya ne a gindin kofin. Ka sassauta shi, ka tara kwano, za ka ga ƙwayoyin ruwan a ƙarƙashin man. Waɗanda suke sana'ar nan a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, ba za su manta yadda aka yi ta wanke tankuna ba.

Idan an kai ga buɗe ta, abin da nake so yaro ya riƙe shi ne, kafireta ba hanya ɗaya take ba da mai ba. Daga silo zuwa kusan kwatan totur, ƙaramin jet ne ke aiki. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, allurar da totur ke ɗagawa a cikin kafireta ce. Sai an murɗe totur gaba ɗaya babban jet yake karɓar ragama. Shi ya sa tambayata ta farko ga mai babur ita ce, "Malam, a ina yake yi maka? Kana tsaye, ko kana tsakiyar tafiya, ko sai ka ba shi wuta?" Amsarsa ce ke nuna min ɓangaren da zan duba. Ƙaramin jet shi ya fi toshewa domin raminsa bai kai kaurin allurar ɗinki ba, musamman a babur ɗin da aka ajiye wata da watanni mai ya bushe ya zama ƙaro. Abin da na tsana shi ne in ga bakanike yana sokar jet da waya. Tagulla ce, tana da laushi, kana soka kana faɗaɗa ramin, babur ya koma shan mai har abada. A jiƙa, a fesa maganin wanki, a hura da iska, a ɗaga a hango haske. Idan kuma mai na ɗiga ta ƙaramin tiyon da ke ƙasa, to, bakin allurar fulot, wadda ke tsayar da mai idan kofi ya cika, ne ya cinye ko datti ya tokare ta.

Maganar da ta fi yawa a bakin 'yan acaɓa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ita ce, "Oga, a matse min mai," wato a saita kafireta ta rage shan fetur. Ban ga laifinsu ba. Mutum yana da balas da zai kai wa mai babur, ga kuɗin tikiti, ga iyali a Arewa suna jira. Amma inji yana da ma'auninsa: a nauyi, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur. Baburan nan ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su, kuma shi kansa fetur ɗin yana rage musu zafi. Ka rage shi fiye da kima, ka shiga cunkoson Iyana Ipaja da goyon mutum biyu, bawul ya ƙone, fistin ya ci wuta. Garin neman gira a rasa ido. Kuɗin ringi da fistin da aikin buɗe inji sun ninka ɗan abin da aka tsimi a gidan mai.

Filogi ba ya ƙarya a wannan magana. Idan bakinsa baƙi ne mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Idan fari ne fat, an matse da yawa, kuma shi ne mai haɗari. Wanda ake nema launin shayi da madara. Wata alamar ita ce cok, wanda ake ja don a rage iska mai ya ƙaru: inji ya yi zafi amma sai an ja cok yake samun lafiya, mai ne bai ishe shi ba. Ina yawan ganin haka a baburan da ake lodowa daga Jos. Can tudu ne, ya kai mita 1,200 sama da teku, iskar ba ta da kauri, sai a saita da ƙarancin mai. Babur ya sauko Legas bakin teku, iska ta ƙaru, man bai ƙaru ba, sai ya fara tari yana harbi ta salansa.

Saitin kansa ba ya cin lokaci, amma sai inji ya ɗumama. Nakan mayar da sukurun iska ciki a hankali har ya zauna, ba a ɗaure shi da ƙarfi, sannan in warware zagaye ɗaya da rabi. Daga nan kunne ne: kaɗan ciki, kaɗan waje, har in sami inda ƙarar ta fi tashi ta kuma fi santsi, sai in sauke silo da ɗaya sukurun. A lura da inda wancan sukurun na farko yake. Idan yana ɓangaren soson iska, warwarewa na rage mai. Idan yana ɓangaren inji, warwarewa ƙara mai take yi. Allura kuma tana da tsaga-tsaga a samanta, ka sauke maƙalin ƙasa ta ɗaga ta ƙara mai. Abu ɗaya ake canzawa, a hau a zaga, a dawo, kafin a taɓa na biyu.

Wanda ya nace sai an matse, ina wanke masa soso, in gyara fulot, in sa a ƙara wa tayoyinsa iska, in ɗaure sarƙa. Sau da yawa a nan man yake zurarewa. Masu tsohuwar Honda kuma da suke zuwa da sabuwar kafireta mai araha a kwali, shawarata su mayar. Kafireta ƙirar Keihin da ta zo da babur, muddin jikinta bai cinye ba, sabon gasket da allurar fulot kawai take buƙata.