Ranar da shaf ɗin famfo ya karye

Talata, bayan isha'i.

Ko karin kumallo ban yi ba Alhaji ya kira: "Injiniya, injin yana ta kuka amma ko ɗigon ruwa babu." Ni da yarona muka haye babur sai gona.

Da muka kwance famfon, sai ga shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, ya rabu biyu daidai ƙarƙashin sil, abin da ke hana ruwa yoyo ta jikin shaf ɗin. Ran Alhaji ya ɓaci, ya ce jabu aka sayar masa, tunda an ce sitenles ne kuma ga shi yana ƙyalli, ko alamar tsatsa babu.

Na goge bakin karayar na fito da shi rana. Fiye da rabinsa sumul, da layuka masu lanƙwasa irin shatin da kogi ke bari a kan yashi idan ya janye. Ragowar kaca-kaca, nan ne ya ɓalle farat ɗaya. Na bi layukan da madubin ƙara girma, duk suka kai ni ga wani ɗan rami kamar tsinin allura, bakinsa ja-ja. Na daɗe ina kallonsa. Na ɗanɗana ruwan rijiyar, zartsi ne.

Na ce, Alhaji, a ganina ba a cuce ka ba. Abin da ke kare wannan ƙarfe wata 'yar fata ce da ido ba ya gani, wadda kuromiyam ɗin cikinsa ke yi idan ya haɗu da iska. Sai kuromiyam ya kai kashi 10.5 cikin ɗari ake kiran ƙarfe sitenles. In fatar ta ƙuje takan warke da kanta. Amma gishirin ruwa yana huda ta, kuma ƙarƙashin sil iska ba ta shiga sosai balle ta warke. Sannan boris ɗaya ya ci, shaf na ɗan lanƙwasa a kowane juyi. Juyi kusan 2,900 a minti, awa 10 ya haura 1,700,000. Kowane juyi ya buɗe bakin tsagar da ta faro daga ɗan ramin nan, ruwan zartsi ya shiga ya ci sabon ƙarfe, ta ƙara gaba. A busasshen wuri wannan 'yar lanƙwasa ƙila ta yi shekaru ba ta yi masa komai ba.

Yarona ya ce, "Maigida, a yi masa walda mana." Na hana, don a nan zai sake karyewa, kuma da wuri.

Ina zaton shaf ɗin sitenles ne nau'in 304. Na ba da shawarar a nemo 316, mai molibdinam kashi 2 zuwa 3, ya fi jure gishiri, ko da yake shi ma ba gagara-badau ba ne. Alhaji ya ji kuɗin ya yi shiru, can ya ce a yi, tumatir ba zai jira ba.

Guntun shaf ɗin yana nan kan teburina cikin tsumma. Gobe da sassafe zan shiga kasuwa neman sabo da boris, in biya in kai ruwan a auna gishirinsa.