Yini Biyu Tsakanin Khartum da Umdurman

A watan Janairu na shekarar 2022 na sauka a Khartum wajen kawuna, wanda aka haifa a Maiwurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gefen Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi da Turawan Ingila a 1903. Na zo da jerin wuraren da nake son gani a rubuce, amma da ya duba takardar sai ya naɗe ta ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, Khartum garin ofisoshi ne. In tarihi ka zo nema, sai mun haye ruwa."

Duk da haka ya yarda mu ba Khartum yini guda. Mun fara da Mugran, inda Farin Nilu da ya taso daga Tafkin Biktoriya yake haɗuwa da Shuɗin Nilu da ya gangaro daga Tafkin Tana na Habasha, kuma ruwayen biyu sukan yi ɗan tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowane da launinsa, kafin su gauraye su nufi Masar. Daga nan muka shiga Gidan Tarihi na Ƙasa, muka ga ɗakunan bauta na tsofaffin garuruwan Buhen da Semna, waɗanda aka ɗauko dutse bayan dutse daga arewa lokacin da madatsar ruwan Aswan za ta shanye yankin. Abin kallo ne, sai dai bai taɓa zuciyata ba, domin ban ga inda ya shafe ni ba.

Washegari Juma'a muka haye gadar Farin Nilu zuwa Umdurman. Garin ƙasa ne, gidajensa gajeru, launinsa irin na tsohon birnin Kano lokacin hunturu. Nan ne Muhammad Ahmad al-Mahdi ya zauna bayan mayaƙansa sun ci Khartum sun kashe Janar Gordon a Janairun 1885, kuma nan ya rasu a watan Yuni na shekarar, watanni biyar kacal bayan nasarar. Magajinsa, Halifa Abdullahi, shi ya mayar da sansanin ya zama babban birni, ya yi mulki daga nan shekara 13. Ƙubbar Mahdi mai ruwan azurfa da ake hangowa daga nesa ba ta asali ba ce, domin sojojin Kitchener, kwamandan rundunar Ingila da Masar, sun ragargaza ta farko a 1898, wannan kuwa an sake gina ta ne a 1947.

Inda na fi daɗewa shi ne gidan Halifa, wanda yake daura da ƙubbar. An fara gina shi a 1888, aka mayar da shi gidan tarihi a 1928. Soraye ne da zauruka masu shiga juna, ƙofofinsu ƙanana, irin ginin da duk wanda ya taɓa shiga gidan sarauta a ƙasar Hausa ba zai ɓata a cikinsa ba. A wani ɗaki na tsaya gaban jibbar Ansaru, wato mabiya Mahdi, farar riga ta auduga mai faci-faci masu launi, waɗanda asalinsu alamar gudun duniya ce kafin su zama kayan soja. Zaren ɗinkin yana nan a fili, mai kauri, aikin hannu. Kusa da ita akwai takubba da masu, sannan ga bindiga mai sarrafa kanta ta Turawa. Ganin su tare ya ishe ni bayanin abin da ya faru a Karari ranar 2 ga Satumba 1898, inda Ansaru kimanin 10,000 suka kwanta dama a safiya guda, alhali waɗanda ɓangaren Ingila da Masar ya rasa ba su kai mutum 50 ba.

Kawu ya daɗe shiru a wurin, sannan ya ce, "Shekara biyar bayan wannan, irin bindigar nan ce ta tarar da kakanninmu a Burmi." Ya kuma tuna mini cewa Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahdi mubaya'a ta wasiƙa tun daga Adamawa. Ashe tun kafin waya da jirgin sama labarin wannan gari yana isa ƙasarmu a cikin jakar alhazai masu tafiyar ƙasa.

Bayan sallar Juma'a muka ratsa kasuwar Umdurman, wadda ban ga ko kashi ɗaya cikin goma nata ba, na sayi soɓorodo da ɗan turaren wuta. Da la'asar sakaliya muka nufi maƙabartar Shehu Hamad al-Nil, inda a lokacin 'yan Ƙadiriyya suke taruwa kowace Juma'a. An yi babban da'ira, ana kaɗa ganguna, ana maimaita kalmar shahada, wasu sanye da kore da ja suna juyi a tsakiya, wani dattijo yana zagayawa da kaskon turare yana kara wa mutane hayaƙin a fuska. Wanda ya san bandiri a Kano ba zai ji baƙunta ba, ko da yake na ga 'yan yawon buɗe ido sun fi damuwa da ɗaukar hoto fiye da abin da ake faɗa, kuma hakan bai yi mini daɗi ba.

Da magariba ta wuce, kawu ya ja ni wajen wani mai agashe a bakin titi. Tsire ne sak, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa da albasa, kuma Sudaniyawa da sunan nan namu na agashe suke kiransa. Na yi masa sallama da Larabcina na makaranta, ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Malam, na nawa za a yanka maka?"

Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, an wawushe Gidan Tarihi na Ƙasa, kawu kuma ya kwashe iyalinsa ya bar birnin. Takardar jerin wuraren tana nan a cikin fasfona, akwai tsibirin Tuti da filin Karari waɗanda muka ce sai zuwa na gaba.